Jar Dawar Inna Yelwa

Tsafe

Zuwa ga aminiyata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Mama. Waya ba ta shiga a nan, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Inna Yelwa ta rasu. Tun da 'yan bindiga suka ƙona mana rumbuna muka baro ƙauyenmu na bayan Kwatarkwashi, ba ta ƙara lafiya ba.

Kin tuna jar dawar nan da ta zo da irinta daga gidan iyayenta ranar aurenta, wadda ƙuduji, ciyawar nan mai shanye dawa, ba ya kashewa ko ya cinye gonar maƙwabta? Duk ta ƙone. Baba Labbo ya ce kin ari irinta bara waccan don bincikenki, kuma wanda ya ari iri, shuka shi yake yi ya mayar da kaka. Wani ya ba shi aron gona a nan. Ki taimaka ki aiko.

Taki,
Bara'atu

Gusau

Bara'atu 'yar'uwata,

Na yi kuka har Mama ta karɓe takardar daga hannuna. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya ba ku haƙuri.

Ban san yadda zan faɗa miki ba. A aikinmu ba ma shuka don girbi. Tsirar da irin nake yi, in yanke ganyen, in niƙa, in duba ƙwayoyin halittarsa don gano abin da ya gada wanda ke hana ƙuduji kama saiwarsa. Tsiron kuwa zubarwa ake yi. Abin da ya rage a firji bai cika tafin hannu ba, kuma da shi zan yi gwajin ƙarshe na digirina. In na gano sirrin, manoma da yawa za su amfana.

Ki roƙar mini Baba ya ba ni lokaci. Wataƙila a sami irin a hannun wani.

Ki gaishe shi da ta'aziyya.
Hannatu

Tsafe

Hannatu,

Bayan gaisuwa. A hannun wa? Na je har Bungudu wajen ƙanwar Inna, ta ce nata sun cinye da yunwar bara. Babu saura ko'ina sai a firjinki.

Na karanta wa Baba takardarki. Da ya yi faɗa da na fi jin sauƙi. Sai ya tambaye ni, “Zubarwa taka yi, bayan ya tsira?” Na ce e. Ya ce, “To, mai ilimi ta fi mu sani,” ya juya fuska bango. Tun ranar ko tuwo sai na matsa masa.

Ni kam na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Kin ci tuwon dawar nan a akushin Inna tun muna sakandare, kina ta santi har tana yi miki dariya. Ba na raina karatunki, na san wahalar da kika sha. Amma in kika niƙa sauran, kin san sirrin abin da babu shi a duniya ke nan.

Ruwa ya sauka, mutane sun fara shuka.

Bara'atu

Gusau

Bara'atu,

Ina gaisuwa. Ga irin nan a cikin kwalba, duka, ban rage ko ƙwaya ba. Na gaya wa malamina, ya ce to sai dai in jira wata shekara, in ma an yarda in ci gaba. Ban ji daɗi ba, amma na fi samun barci.

Irin ya daɗe, ba duka zai tsira ba. In dawar ta fara fitar da kai, ku rufe zangarnun da jakunkunan takardar da na haɗo, kada bununin dawar maƙwabta ya gauraya da ita.

Ki ce wa Baba ya yafe mini.
Hannatu

Tsafe

Zuwa ga ɗiyata Hannatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni Labbo nika magana, Bara'atu na rubutawa.

Rabi ya tsira. Mutane sun yi ta dariya, wai tsoho ya sa ma dawa hula. Ƙuduji ya fito, bai taɓa ta ba. Ran da munka yanke, na zauna cikin gona na yi kukan da ban yi ba ran da anka rufe Yelwa.

Ga zangarnu nan, mafi kyawu na zaɓa miki. Wanga karo ni na ara daga hannunki, kuma kaka ta yi, na maido. Ki niƙa wanda za ki niƙa. Amma ki shuka saura, ɗiyata, ko bayan ɗaki ne.

Allah Shi yi miki albarka.
Babanki, Labbo