Wutsiyar Dodo

Daga Kumandan babba na sojan Faransa a Saigon, zuwa ga Jatau na Matankari. Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna, tsohuwar sojanmu Gambo, yaya gero bana?

Bayan haka, Gambo yana lafiya lau. Kunne guda ne ya daina ji, ɗayan ya ishe shi.

Jiya Sinawan garin nan suka yi sabuwar shekara. Sun ce wani dodo ke zuwa cin mutane duk shekara, sai su kore shi da jan ƙyalle da ƙarar albarushi. Mutum biyu suka shiga rigar dodo suna rawa, ɗaya kai, ɗaya wutsiya, kamar yadda kai da Gambo kuke tsorata 'yan mata da fatar bijimi a bakin rijiya. Gambo ya kalla har aka watse, bai ga kai ya gudu ya bar wutsiya ba.

Kai kuwa ka rantse tare za a ɗauke ku soja, ranar na zuwa ka tsallake iyaka ka gudu Kabi. An ce ka dawo. Ka riƙa kai wa Inna itace, Allah ya ba ka lada.

Kumandan bai san ka ba, Jatau. Ni ne Gambo, wutsiyarka.