Na Ƙirƙiro Haraji Na Ci Gumin Ɗalibaina a Rumfar Albasa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san na cancanci zagi, amma shawara nake nema, don wata uku ke nan ba ni da sukuni.

Ni malami ne a wata sakandare mai zaman kanta a Yelwa, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Darasin da nake koyarwa shi ne na zama ɗan ƙasa na gari, wato haƙƙi da amana da haraji da makamantansu. A hutun zango na biyu, lokacin da zafi ya kai maƙura, wani Alhaji mai fataucin albasa, abokin marigayi babana, ya kira ni ya ce yana neman hannu na mako uku a rumfarsa, masu ware ruɓaɓɓiya daga mai kyau da masu zubawa a buhu. Ya ce tunda ni malami ne in samo yara masu hankali in kula da su, shi zai riƙa zirga-zirga tsakanin Shanga da ƙauyukan bakin ruwa yana saye. Na bi gida-gida na roƙi iyaye, suka ba ni yara goma sha huɗu, duka ɗalibaina, daga mai shekara goma sha biyar zuwa goma sha bakwai. Ba wanda ya tambaye ni komai. Abin da suke cewa kawai shi ne, "Tunda kai ne, Malam, ai ba damuwa."

Alhaji ya yanka wa kowane yaro naira dubu biyu a wuni. Kuma ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, ya ce, "Idan rana ta take su ajiye aiki, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi. Masu salla su yi salla, a ci abinci, a sha iska. Ɗiyan mutane ne, ba jakuna ba." Na ce masa to. Amma tun ranar farko da ya danƙa mini kuɗin sallamarsu zuciyata ta fara raya mini abin da bai kamata ba. Na tara su na ce gwamnati tana karɓar haraji a kan duk wanda ya yi aiki aka biya shi, ko yaro ko babba, don haka za a cire ɗari biyu daga kuɗin kowa. Wallahi ba wanda ya aiko ni. Na san ba wata hukuma da ta nemi ko sisi daga wannan ɗan abin da suke samu, kuma kuɗin da ake biya a kan kaya Alhaji ne ke biya da kansa idan mota za ta tashi. Suka karɓi dubu ɗaya da ɗari takwas-takwas har da godiya. Ina ma a ce wani nawa ne yake kwance asibiti, da na samu abin fakewa. Waya na sauya, na sa wa babur ɗina sababbin tayoyi. Shi ke nan abin da na sayar da mutuncina a kai.

Abin bai tsaya nan ba. Direbobin manyan motoci suka fara ɗan sa mini wani abu a aljihu idan lodi ya kammala kafin la'asar. Sai na fara rage hutun. Da farko na mayar da shi awa ɗaya, daga baya rabin awa, ƙarshe ya zama da an sallame salla an ɗan tura abinci sai in tafa hannu. Na ce musu Alhaji ne ya ce a yi haka. Wa zai musa wa malaminsa?

A cikinsu akwai wata yarinya da zan kira Rahila, ba sunanta na gaskiya ba ne. Shekararta goma sha shida, 'yar masunta ce daga wani ƙauye na bakin tafki wajen Ngaski, tana zaune gidan gwaggonta don karatu. Ita ce ke ɗaukar na ɗaya a ajina. Tana tara kuɗin ne don rajistar jarrabawar fita ta baɗi, don ta rage wa babanta nauyi. A mako na biyu, ina raba kuɗi, ta tsaya har kowa ya watse, ta ce cikin ladabi, "Malam, ba kai ka koya muna cewa duk wanda ya biya haraji sai an ba shi rasit ba? Ina son in riƙa ajiye nawa." Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Maimakon in ji kunya in gyara, sai na daka mata tsawa na ce, "Ke, ni kike tuhuma? Idan ba ki son aikin akwai masu jira." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Malam," ta tafi.

Bayan kwana uku abin ya faru. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ne, lokacin da ya kamata a ce suna zaune a inuwa. Rufin rumfar na kwano ne, ga warin ruɓaɓɓiyar albasa, ga ba iska ko kaɗan. Ta zo ta same ni idanunta jajir ta ce, "Malam, kaina yana juyawa, bari in zauna kaɗan." Na dubi mota, na dubi direba yana nuna mini agogo, na ce, "Saura buhu goma, ki daure." Ba ta kai ga cika na biyu ba ta yanke jiki ta faɗi, goshinta ya bugi ƙarfen sikeli. Jini ya wanke mata fuska. Na ɗora ta a babur, wata ƙawarta ta riƙe ta a baya, muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Aka yi mata ɗinki, aka sa mata ƙarin ruwa, ma'aikaciyar ta ce zafi ne da gajiya da rashin shan ruwa.

Alhaji ya iso da yamma hankalinsa a tashe, ya biya komai, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ƙarfe nawa ta faɗi? Ba lokacin hutunsu ba ne?" A nan ne na yi abin da ya fi satar muni. Na ce masa ita ta ƙi hutawa, kuma ina jin dama tana da ciwon farfaɗiya, iyayenta ne suka ɓoye. Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Alhaji ya girgiza kai ya ce to kada ta sake dawowa, ba zai ɗauki alhakin ran 'yar mutane ba. Ashe wani mai ɗinkin buhu na rumfar, da ya biyo Alhaji asibitin, yana kusa da mu yana ji. Kafin a koma makaranta magana ta zaga unguwa. Yanzu a aji ba mai shan ruwa da kofin da ta sha. 'Yan matan da take zama da su sun matsa sun bar ta ita kaɗai a benci. Na ji da kunnena wata uwa tana gargaɗin 'yarta a bakin ƙofar makaranta cewa kada ta bari yawun Rahila ya taɓa ta. Yarinyar da lafiyarta ƙalau, ni na ɗora mata ciwon da ba ta da shi, don kawai kada a gane na ci musu lokacin hutunsu.

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne zuwan babanta. Dattijo ne, ya biyo kwalekwale tun safe, ya nemi gidana, ya ajiye mini ƙunshin busasshen kifi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, an gaya mani kai ka ɗauki ɗiyata da kanka ka kai ta asibiti. Ba ni da abin biyan ka. Na bar maka ita amana, kai ne ubanta a garin ga." Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Baba, ai aikinmu ne." Matata ta yi miya da kifin nan, na ce mata cikina ba daɗi. Da wane baki zan ci?

Rahila ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba. Tana gaishe ni, tana yin aikin gida, amma ba ta haɗa ido da ni. Kullum na juyo daga allo sai in ga tabon nan a saman girarta. A makon jiya na ba su gwaji, ina cikin duba takardu a ɗakin malamai na zo kan tata. Ta ci duka, ba kuskure ko ɗaya. Can ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta da ƙananan baƙaƙe da fensir: "Malam, ban gaya wa kowa ba. Amma don Allah ka faɗa musu ba ni da farfaɗiya." Na kife takardar na shiga banɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ashe ta san komai, ta san daga bakin wa maganar ta fito, kuma duk da haka ta rufa mini asiri.

Yanzu dogon hutu ya matso, kuma Alhaji ya aiko cewa in sake haɗa masa yara su tsince albasar ajiya, wai bai taɓa samun mai amana irina ba. Kuɗin yaran na fara haɗawa, wannan mai sauƙi ne, ko wayar zan sayar in mayar. Amma in mayar in ce musu me? Sunan yarinyar nan kuma ba zai wanku ba sai na tsaya gaban Alhaji da babanta da ɗalibaina na ce ƙarya na yi, kuma na faɗi dalilin ƙaryar. Idan na yi haka na san mai makaranta zai kore ni a ranar, ba kuma makarantar da za ta ɗauke ni a ƙasar Yauri. Ina da mata da 'ya'ya uku, ga Innata a hannuna. Idan kuma na yi shiru, yarinya za ta ci gaba da zama ita kaɗai a benci, wataƙila maganar ta bi ta har ranar da wani zai zo neman aurenta.

Na yi istigfari har na rasa adadi, amma na san haƙƙin mutum ba ya sauka da istigfari kaɗai. In fara da babanta ne, ko da Alhaji? Akwai hanyar da zan wanke ta ba tare da na rusa gidana ba, ko kuwa har yanzu kaina nake nema wa mafita? Litinin mai zuwa zan mayar musu da takardun gwajin, kuma zan miƙa mata tata hannu da hannu. Jama'a, don Allah, me zan yi?