Kwalin da Aka Ɓoye Ƙarƙashin Teburin Shayi

Zuwa ga Likita, Shugaban Kwamitin Lafiya na ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna unguwar Danau Kota, a nan ƙasar waje.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, madalla da gwajin lafiya kyauta da kuka shirya ranar Asabar a zauren gidanmu. Har hawan jinina kun tono, na gode. Amma ina da ƙorafi, ka kuwa san bakina ba ya riƙe magana.

1. Bishal, ɗan Nepal mai gadin ƙofarmu, wanda yake kai mana tukunyar gas har hawa na tara, ya zo neman gwajin ƙanjamau. Shekara huɗu rabonsa da matarsa Sunita, kuma wata mai kamawa zai koma gida. Asibitin kamfaninsu yake tsoro, kada magana ta kai kunnen ubangidansa. Sai aka ce masa na 'yan ƙungiya ne kawai. Haba Likita! Wallahi na ji kunya.

2. Da ya tambayi kwaroron roba, da ƙarfi kuwa, sai malamanmu masu neman digiri na uku suka koma kallon fanka. Ni da na yi shekara goma ina aikin jinya a Kano, tuni na hango kwalin kwaroron a ƙarƙashin teburin shayi, an lulluɓe shi kamar kayan sata. Da muka zo shara bayan la'asar, ya yi rabi. To, aljanu ne suka ɗiba? Ban kama suna ba, ban kuma ga laifinsu ba.

3. Ba zargin Bishal nake ba, Allah ne shaida. So yake ya shiga ɗakin matarsa hankali kwance, ya kuma kare ta har sakamako ya tabbata.

Roƙona, a fito da kwalin fili, a samo bayani da harshen su Bishal, a kuma gwada shi a asirce kafin tafiyarsa.

Ni da maigidana muka raka shi titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ya sayo wa Sunita yadi. Da ya nuna mata a waya, ta yi dariya ta ce ya yi kyau, amma takardar gwajin take so ya fara cirowa daga jaka. Likita, kada mu bari ya isa gida babu ita.

Allah Ya ƙara maka lafiya da juriyar surutuna, Ya ba ka ladan aikinka.

Wassalam.

Taka,
Maman Hanif, hawa na tara.