Gwal ɗin Umma

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar taki? Mu nan lafiya, in aka cire kunnen 'yata da zuciyata.

Kin san tun da 'Yar Baba ta shiga makaranta take damuna a huda mata kunne irin na ƙawayenta. Na kai ta wurin wata mai huji a bayan kantin magani, mai sa safar hannu, wadda ta ɓare sabuwar allura a gabana. Ta sa mata 'yan kunne na ƙarfen asibiti masu doguwar ƙafa, ta ce tsawon saboda kumburi ne. Ta ce a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, a goge da ruwan gishiri safe da yamma, kada a murza, kada a shafa mai, kada a canza sai ya warke sarai. Kin san ni, ban tsaya nan ba. Ina gyaran fanka a shago ina karanta duk abin da na samu kan huji, har maigidana ya ce ko asibiti zan koma.

Shekaranjiya na dawo na tarar Umma ta cire mata 'yan kunnen. Wai jikarta ba za ta yi yawo da ƙusa a kunne ba. Ta sa mata 'yan kunnen gwal ɗin nan da marigayi Baba ya saya mata, waɗanda ko ke ba ta taɓa ara miki ba. Ta laɓta wa wurin man shafawarta. Sannan don kada gwal ya faɗi a makaranta, ta danne marufin baya har ya manne da fata, ko iska ba ta wucewa.

Na yi magana, ta ce, "Sannu likitan fanka. Kafin a haife ka nake huda kunne." Maman yarinya kuwa ta sunkuyar da kai, wai zaman lafiya take nema. Na kai hannu zan sassauta, yarinya ta sa kuka, Umma ta sa kuka, na zama mugun gida.

Ki kira ta, ko ke za ta ji.

Ƙaninki,
Mai Baki

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba ki kira ba, kuma yanzu ba sai kin wahala ba.

Kunnen hagu ya yi ja, ya yi zafi kamar an ɗora shi a kan wuta, ya fara zubar da mugunya har matashi yana wari. Umma ta ce alamar warkewa ce, ta ƙara mai. Da zazzaɓi ya zo na ɗaga kunnen na duba, babu marufi. Na zaci faɗuwa ya yi. Ashe fata ce ta kumbura ta haɗiye shi.

Ban nemi izinin kowa ba, na saɓa yarinya a kafaɗa sai asibiti. Nas ta yi mata allurar kashe zafi, ta tsaga bayan kunnen ta zaƙulo shi. Kin san abin da 'yata ta tambaya, tana riƙe da babban yatsana? Ko Umma za ta yi fushi tunda an ɓata mata gwal.

Nas ta wanke ɗan kunnen ta miƙo mini. Yaya, ruwan gwal ɗin ya ɓare. Baƙin ƙarfe ne a ƙasa, da kore-kore a jiki. Ta ce irin wannan ƙarfen a sabon rauni shi kansa cuta ne.

Muna shiga gida Umma tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Tambayarta ta farko, ina ɗan kunnen? Sai daga baya ta ce ya jikin. Na jefa shi a gabanta. Na ce ga dukiyarki nan, gwangwani ne, Baba ya yi miki wayo, kin ruɓar da kunnen jikarki a kan murfin kwalba. Na faɗa da ƙarfi, maƙwabta sun ji.

Ki yi mini faɗan da za ki yi.

Ƙaninki,
Mai Baki

Yayata,

Saƙonki ya iso, da zagin duka. Na gode. Ki gaishe da yara.

Kin ce in je in durƙusa. Na je. Kafin in buɗe baki ta ce ba wani sabon labari na ba ta ba. Wai lokacin jinyar Baba ta kai 'yan kunnen wurin maƙerin gwal za ta sayar, ya goga a dutse ya mayar mata, ya ce ba gwal ba ne. Shi Baban ma cutar sa aka yi, kuma har ya rasu ba ta gaya masa ba. Ta ce, "Shi kaɗai ne abin da ya taɓa sa mini da hannunsa."

Kina so wannan ya sanyaya mini zuciya ko? Bai yi ba. Ta sani, Yaya. Ta san ba gwal ba ne, ta cusa shi a ɗanyen rauni, ta danne don kada ya ɓata. Kuma ni ban san yadda zan kwashe maganar da na yi a kan Baba ba.

Kunnen ya warke, hujin ya toshe, ya bar tabo mai tauri. Na ce a sake wani nan gaba, 'Yar Baba ta ce ba ta so har abada. Yanzu Umma sai ta wanke hannu da sabulu kafin ta shafa mata kai, amma da ta matso sai yarinya ta tare kunnuwanta da tafin hannu.

'Yan kunnen kuwa Umma ta sa su a nata kunnen, har da ɓararren. Haka take zama a gabana kullum lokacin cin abinci, ta juyo mini da baƙin ɗan kunnen.

Ki yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Mai Baki