Falon da Mama Ba Ta Gani

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki? Mu nan da sauƙi. An sallamo Mama daga asibiti, hawan jinin ya sauka, sai dai rashin ƙarfi. Na gama gaisuwa, yanzu ka gyara zama, tunda ka ƙi ɗaga wayata dole ka karanta.

Yaya, me ka yi wa gidan Mama? Ina can ina jinya, ina kwana a gindin gadonta, ashe kai ka aiko da makullinka an ba wata mai ƙawata gidaje, wai za ka yi wa Mama bazata. To, ta ga bazata. Ina buɗe ƙofa na ja da baya, na zaci gidan maƙwabta na shiga. Bango fari fat, ƙofofi farare, labule fari, kujeru farare, ƙasa an shimfiɗa tayil mai santsi, ga wani teburin gilashi an dasa a tsakiyar falo. Daga asibiti muka fito, sai ga mu a wani asibitin.

Ka manta da idon Mama ne, ko dama ba ka taɓa tambaya ba? Tun da ganinta ya fara raguwa, launi mai ƙarfi kaɗai take iya rarrabewa. Shi ya sa ta sa aka yi wa ƙofar kicin fenti rawaya, ta banɗaki shuɗiya, ta ɗakinta ja wur. Kai kuwa duk zuwan da ka yi sai ka yi dariya ka ce gidan kamar makarantar yara. Keken ɗinkinta da ke bakin taga, ba ajiyar banza ba ne, in ta dafa shi ta san inda za ta juya. Agogon marigayi Baba da ke saman ƙofar waje, ƙararsa take bi in za ta buɗe wa baƙo. Har makunnin fitila ta rataya masa maɓallan da ta zura a zare, don hannunta ya same shi. Rigar kujerarta kuwa da ƙyallayen tsofaffin kayanmu ta haɗa ta, tana shafawa tana faɗin wannan na wane ne, har guntun wandon makarantarka yana ciki. Da waɗannan take yawo a gidanta ita kaɗai, ta dafa shayinta, ta share ɗakinta, ba ta neman kowa.

Yanzu tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hannuna, ta tambaye ni a hankali ko hayaƙi ne ya cika ɗakin.

Ka faɗa mini inda aka kai kayanta, yau ba gobe ba. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma murar ƙaramin ta sake shi. Amsarka ta iso, na karanta a tsaye, don zama ya gagare ni.

Ka ce ba ni da godiya. Ka ce abokanka suna zuwa gaida Mama kana jin kunyar falon. Haba Yaya! A falon nan aka raine ka, a kan keken nan aka ɗinka abin da ya kai ka inda kake, yau shi ne abin kunya? Ka kuma ce a ɗauko mata mai aiki ta riƙa jan ta. Matar da take shiga kicin da ƙafarta, ka kwashe mata hanya, sannan ka ce a nemo mai jan ta. Sannu da dabara.

Na je wajen mai ƙawatawar taka. Ba ta yi mini rashin kunya ba, gaskiya. Ta nuna mini hotunan da ka zaɓa a waya, ta ce cewa ka yi a fitar da duk tarkacen, kuma ba wanda ya gaya mata mai gidan ba ta gani sosai. Da na faɗa mata sai ta dafe ƙirji. Kayan kuwa masu sayen tsofaffin kaya sun kwashe tun ranar farko. Na zaga kasuwarsu rumfa rumfa har ƙafata ta yi ruwa, ba keke, ba agogo, ba kujera. Tarkace ka kira su, a farashin tarkace suka tafi.

Shekaranjiya Mama ta gwada zuwa banɗaki ita kaɗai ina shanya a waje. Ta yi karo da teburin gilashin nan, tayil ya kwashe ta. Ƙashi bai karye ba, Allah ya tsare, amma ƙaurinta ya fashe, kuma tun daga nan ba ta ƙara tashi sai an riƙe ta. In tana jin fitsari sai ta daure har in dawo daga aiki. Ka karanta wannan layin sau biyu.

Na sayo fenti, rawaya da shuɗi da ja, na ce ko ƙofofin in mayar mata. Tana jin warinsa ta hana ni. Ta ce ɗanta ya kashe dukiyarsa don ya faranta mata, ba za a ɓata masa aiki ba, in na taɓa bangon nan ba ta yafe ba. Na roƙe ta har da kuka, ta ƙi. Kuma na ji ta da kunnena tana sa maka albarka a waya, tana cewa gida ya yi kyau. Da wane idon ta ga kyan, ba ka tambayi kanka ba?

Saboda haka maganar tana hannunka. Kai kaɗai za ka ce mata a canza ta yarda. Ba kuɗi nake nema ba, kalma ɗaya ce. Ka kira ta ka ce ka yi kuskure, a mayar mata da launukanta, a fitar da teburin. Na san ba da mugunta ka yi ba, kai ka goya ni, na san zuciyarka. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ina jiran ka. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma muna nan yadda Allah ya so.

Ka kira ta, na ji. Ina zaune kusa da ita. Sai na ji ka ce ta ƙara haƙuri, za ta saba, sabon abu haka yake, kuma ka aiko mata da sanda mai kyau. Ta yi godiya, ta ajiye wayar. Daga baya ta tambaye ni ko akwai wurin ƙarin katifa a ɗakina.

Jiya na ɗauke ta. Ka san gidana, ciki da falo ne a saman bene, ko tagar kirki babu. Nan matar da ta rantse ba za ta taɓa zama a gidan 'ya'yanta ba ta zaɓa ta koma. Ta ce in gaya maka don asibiti ya fi kusa ne. To na gaya maka, na sauke saƙo. Amma ƙarya ce, kuma ba zan taya ta rufa maka asiri ba.

Kayanta duka jaka ɗaya suka cika, sauran ai ka riga ka rage mana aiki. Da za mu fita ta ce in sake ta, tana so ta fita daga gidan mijinta da ƙafarta, kamar yadda ta shigo. Na sake ta. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta miƙa hannu gaba tana lalube, ta tafi a hankali har ta isa bango. Ta bi shi da tafin hannu, ta samu wata ƙofa, ta buɗe, ta yi addu'ar fita daga gida. Ƙofar kicin ce, Yaya. Ban gaya mata ba. Na kama hannunta na zagayo da ita kamar hanyar ke nan.

Ga makullina cikin ambulan. Na goge teburin gilashin, na ja labule, komai yana nan fari tas yadda kake so. Ka kawo abokanka duk ranar da ka ga dama.

Mama tana gaishe ka. Ni ban ce ba tukuna.

Auta.