Garin Katako a Cikin Giyabos

Noeleen, 'yata,

Na fita da sassafe, ban so in tashe ki ba. Kada ki ɗauki yara a tsohuwar akori-kurar nan zuwa Longreach yau.

Tun jiya da na karɓo ta daga garejin Dougie hankalina bai kwanta ba. Giyabos ɗin, wato akwatin giyar motar, da ya yi wata biyu yana gurnani, ta yaya zai yi tsit a awa guda? Da na nemi ganin ƙarafan da ya canza, sai ya yi dariya ya ce, "Haba tsoho, kunnenka ne ke son gyara!"

Ɗazu na tsiyaye man giyar a kwano. Ya fito kamar taɓo, cike da garin katako. Tsohuwar dabara ce ta ɓoye ƙarar giyabos ba tare da an yi gyara ba. Ban ce Dougie ne ya zuba ba tukuna, amma ni dai ban zuba ba. In ta cije muku a hanya, kilomita ɗari ne babu gida, babu ruwa.

Na bi motar wasiƙu zuwa gari da man a kwalba. Makullin akori-kurar yana aljihuna. Ki gafarce ni, na san halinki.

Mahaifinki,
Clarrie