A Mayar wa Baba Iliya Rumfarsa

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyar kanikawa da masu sayar da kayan mota ta yankinmu a garin Tahoua, tare da dattawan da ke zama da shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan 'yan ƙungiya. Sunana Sahabi, ɗan marigayi Alhaji Mamman mai goro. Idan sunan bai tuna maka kowa ba, ni ne mai jar motar nan mai ƙofa biyu da mutanen gari suka sa wa suna Ƙadangaruwa, saboda yadda take jan ciki a ƙasa. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne domin a fili aka ɓata sunan Baba Iliya bakanike, kuma ina zaune a wurin aka ɓata shi. Na zo ofishinku sau uku cikin mako biyu. Sau biyu an ce ka yi tafiya, na ukun aka ce magana ta riga ta ƙare. A wurina ba ta ƙare ba.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To ni da nawa zan fara.

Na ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ci-rani a Abidjan. Sa'o'ina da muka tafi tare, wani ya dawo ya gina gida, wani ya sayi shanu ya ba da kiwo a Affala. Ni kuwa na biya ta Cotonou na sayo motar tsere ta hannu, wadda ko buhun gero ɗaya ba ta ɗauka. Mahaifiyata ta zagaya ta sau ɗaya, ta tambaye ni inda za a sa kaya, na ce ba a sa mata kaya. Ta ce to Allah ya sa albarka, ta koma ɗaki. Ban tsaya nan ba. Na dinga kallon bidiyon irin waɗannan motoci a waya, na ga faifan birkinsu masu huji-huji ne, suna walƙiya ta cikin ƙafa. Nawa kuwa lafiyarsu ƙalau, sai dai ba su da huji kuma ba sa walƙiya. Wannan kaɗai ne ciwon da motar take da shi, kuma a kaina yake.

Na biyu. Kwana tara bayan babbar salla na shiga shagon wani ɗan ƙungiyarku. Ba zan kama sunansa a nan ba, kun san shi, ni ma na san kun san shi. Ya fito mini da faifai biyu na ƙafafun gaba a cikin kwali mai rubutun Turawa, ya rantse mini cewa na tsere ne, sababbi fil, ta jirgin sama suka zo. Na biya jika tamanin da biyar, wato sefa dubu tamanin da biyar. Na nemi takardar saye, ya yi dariya ya ce tsakanin 'yan gari ɗaya ai fuska ita ce takarda. Na yi dariya ni ma, na ɗauki kwalina.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi yi mini nauyi. Na kai faifan wurin Baba Iliya. Alhaji, ba sai na gaya maka ko wane ne shi ba, amma zan faɗa don masu karatu. Shekara talatin da huɗu ke nan da ya zo garin nan daga wajen Maradi. Matarsa, Madam Rahila, ita ta koya mini karatun boko a lakwal. Shi ya riƙa gyara tsohuwar motar mahaifina har ta mutu a hannunsa da tsufa. Ranar Lahadi kaɗai yake rufe rumfa ya tafi majami'a. In layya ta zo mahaifina yakan aika masa cinya, in Kirsimeti ta zo mu mukan ci shinkafar gidansa har mu yi guzuri.

Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san al'adarsa. Ba ya ɗaura ƙarfe sai ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara kunne. Yakan ce ƙarfe mai lafiya yana amsawa. Ya ƙwanƙwasa nawa sau biyu, ya shafa hujin da ɗan yatsa, ya dube ni ya ce, "Ɗiyana, wanga ƙarhe bai amsa ba. Kak ka sa shi. Naka na da sun hi shi lahiya, mi kaka nema?" Ni kuwa, a gaban mutanen da ke zaune a bencinsa, na ce masa zamanin gyaran akori-kura ya wuce, wannan mota ta fi ƙarfin kunnensa, in ba zai iya ba akwai masu iyawa a bakin tasha. Na faɗi haka ga mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina.

Ya ajiye sifanar. Can ya ce tunda dai sai na ɗaura, gara hannunsa da hannun wani. Ya ɗaura, ya bi kowace ƙusa sau biyu, ya ce mini kada in sauka daga kwalta kuma kada in yi gudu har ya sake dubawa bayan mako guda. Da na tashi tafiya na nuna tsofaffin faifan da ƙafa na ce ya sayar wa masu gwangwan ya sha shayi. Ai dama al'adarku ce, abin da aka kwance na mai kwancewa ne.

Na huɗu. Ban koma bayan mako guda ba. Ranar Alhamis ta biyu, farkon damina, aka yi sunan ɗan ƙanwata a Barmou, ni kuma ina so dangi su ga ƙafafun Ƙadangaruwa. Na sauka daga kwalta, na yi gudu, wato duk abin da ya hana sai da na yi. A wata gangara kafin a shiga gari, da hantsi, na hango amalanken jaki a gabana. Na taka birki na ji ƙas a ƙafar dama, sitiyari ya fizge daga hannuna. Jakin ya mutu nan take. Mai shi, Malam Alio, manomi mai 'ya'ya bakwai, ya karye a cinya. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan. Na kai shi asibiti, na yi jinya, na sayi wani jakin, amma daminar ta wuce yana kwance, kuma yanzu da sanda yake zuwa gona. Ranar da aka sallame shi ya riƙe hannuna ya ce, "Na yahe maka, ƙaddara ta." Na gode masa, amma na san ƙaddarar nan da kuɗina na saye ta.

Na biyar. Wata guda bayan haka kuka yi zama a kan maganar. Ƙa'idarku ita ce, in birki ya ci amana, hannun ƙarshe da ya taɓa mota shi ke da laifi. Aka kira ni, ka tambaye ni da bakinka wa ya ɗaura faifan. Na ce Baba Iliya. Ba ka tambaye ni wa ya sayo ba, ko a ina, ko an gargaɗe ni. Ni kuma ban faɗa ba. Mai shagon yana zaune a hannunka na dama cikin masu yanke hukunci, yana jan carbi. Na dube shi, na dubi jama'a, na tuna cewa in na buɗe baki duk garin zai ji yadda na yi wa tsoho rashin kunya don ƙyalƙyali, sai na haɗiye maganata. Aka juya ga Baba Iliya aka ce ko yana da abin cewa. Da ya faɗi kalma ɗaya da ta wanke shi, domin mutum huɗu ne a bencinsa ranar da ya hana ni. Sai ya ce, "Ni niɗ ɗaura." Bai ƙara ba.

Kuka dakatar da shi shekara guda, kuka rufe rumfarsa. Kafin wata uku na ga an ba wani ita, har an sake fenti. Direbobin Tébaram da suka shekara ashirin suna kawo masa motoci suka daina ko gaishe shi da ƙarfi, don magana ta bazu cewa tsufa ya ci hannunsa, ya kusa kashe mutum.

Na shida. Ga abin da ba ku duba ba, domin ba wanda ya ce a kawo ƙarfen. Gutsattsarin faifan suna wurina. Na kai su wurin wani mai injin gogar ƙarfe, wanda ba ɗan ƙungiyarku ba ne, ya kankare fentin azurfar da ke kai a gabana. Tsatsa ce a ƙarƙashi. Tsohon faifai ne da ya gama aikinsa a wata motar, aka goge shi har ya yi siriri, aka huda shi da injin hannu, aka fesa masa fenti aka sa a kwali. Hujin ma ba su yi layi ba, wani ya matso wani ya nisa, kuma tsagewar daga huji zuwa huji ta bi. Ba sai an yi karatu ba, mai ido ɗaya ma zai gani. Na ƙafar hagu bai fashe ba, yana nan, duk mai so ya zo ya ƙwanƙwasa ya ji. Alhaji, da girmanka, kun bar jaki kun doki taiki. Kuma kwalayen nan har makon jiya ina ganinsu a kan kantar shagon, samari masu sababbin motoci suna tambayar kuɗinsu.

Na san za a ce me ya hana ni magana tun tuni. Ba ni da amsar da za ta yi mini daɗi. Wata bakwai ina canza hanya don kada in bi ta ƙofar gidan Baba Iliya. Abin da ya kai ni a ƙarshe shi ne na haɗu da Madam Rahila a kasuwa tana sayen igiya da buhunan wofi. Na gaishe ta, ta amsa kamar ba komai, ta ce suna ɗaure kaya ne, ƙarshen watan nan za su koma garinsu, tunda mutum ba ya zama inda ba a ba shi aiki. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na je. Na same shi a tsakar gida yana jera sifanu a cikin akwati, kowace ya goge ta da tsumma. Na durƙusa na ce masa duk abin da ya kamata in faɗa a gabanku. Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba. Ya ce, "In nit tona ka gaban jama'a, da wane ido za ni tuna babanka? Kuma ai ni na ji ƙarhen bai amsa ba, nis sa shi. Nawa laihin ke nan." Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani abu mai nauyi a naɗe cikin takardar siminti, an rubuta sunana a kai da alli. Tsofaffin faifaina ne. Bai sayar ba. Ya shafe su da mai tun ranar da ya kwance su, ya ajiye, don ya san zan dawo nemansu. Ya ce dama yana neman wanda zai kawo mini kafin su tashi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A sake zama kafin ƙarshen watan nan, a fili kamar na farko, a kira ni in faɗi abin da na ɓoye, a kira mutum huɗun da ke benci, a ɗora faifan a tabarma kowa ya gani. Mai shagon ya zauna inda Baba Iliya ya zauna, ba a hannunka na dama ba. A kwashe kwalayen nan daga kanta kafin wani Malam Alio ya hau amalanke. A gyara ƙa'idar hannun ƙarshe, ta riƙa tambayar wanda ya sayar da wanda ya nace. A wajabta ba da takardar saye, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Sama da duka, a mayar wa Baba Iliya rumfarsa, kuma kai da kanka ka faɗa a bainar jama'a cewa hannunsa lafiya lau yake. In akwai tara ko hukunci, ga ni, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Motar tana nan a gida a rufe da tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Faifan da ya ba ni suna ɗakina cikin takardarsu, ban kwance ba. Na yi alkawari ba wanda zai mayar da su a ƙafar motar nan sai shi, a rumfarsa. In kun bari ya hau motar Maradi da akwatinsa, haka za su zauna, ni kuma kullum in tashi in ga sunana da rubutun hannunsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan na kusa da kai ne, ya tsare direbobi da masu tafiya a ƙasa, ya ba Malam Alio sauƙi, ya yafe mana abin da muka yi da abin da muka yi shiru a kai.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sahabi ɗan Alhaji Mamman mai goro,
Tahoua.